Ƙofa ta Dubu Huɗu da Ɗari Biyar

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa na yi shiru, ku yi haƙuri, ba daɗi ne ya ɓoye ni ba. Kwana shida ke nan ina buɗe shafin nan, in rubuta layi biyu, in goge. Yau dai na ce ko zan jiƙa allon wayar nan da hawaye sai na gaya muku abin da ya faru ranar Talata.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce mai kula da kwamfutoci da intanet a wani kamfanin zanen gine-gine, a hawa na uku na wani dogon bene. Firinta ta ƙi, ni. Intanet ya tsaya, ni. Wani ya manta kalmar sirrinsa karo na biyar a wata guda, ni ɗin dai. Injiniya suke ce min, har da saurayina Dogo. Shi kuwa Dogo mai zane ne, teburinsa na bakin taga, kullum da fensir a maƙale a kunne duk da ya fi shekara biyar rabonsa da zane a takarda. Shekara uku da wata biyu muna tare. Mutum biyu na kora saboda shi, ɗayan ma har yau Umma ba ta gama yafe min ba.

Kwana goma sha tara kafin wannan Talatar, ran wata Alhamis da ƙarfe biyar na yamma, Dogo ya zo gidanmu. Ya cire takalmi, ya zauna a kan kafet gaban Abba, ya sunkuyar da kai, ya ce iyayensa za su zo Asabar ɗin ƙarshen wata. Ina bayan labule riƙe da tiren shayi. Tun daga ranar gidanmu bai sake zama lafiya ba. Umma ta sa an wanke labulayen falo sau biyu, ta canza wa kujeru mazauni sau uku, ta ce wai fitilar tsakiya ta cika duhu.

Da safiyar Talatar ina ɗaura mayafi a gaban madubi ta leƙo.

"Wai wannan tokar rigar ce kullum? Kamar wadda ba a so?"

"Umma, ƙarƙashin tebura nake wuni. Idan na sa mai haske ƙura ce za ta cinye ta."

"Oho dai. Ki tambayi yaron nan mutum nawa za su zo ran Asabar. Kada kujeru su yi mana kaɗan mu ji kunya."

Na ce to. Na sa takalmina mara tudu na fita ina murmushi ni kaɗai kamar sabon kamu.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi, bayan kowa ya dawo daga salla, ya tsaya a kaina da laftof ɗinsa a rungume a ƙirji. Bai ja kujera ba. Dogo da ko gaisuwa zai yi sai ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Injiniya, wani ɗan abu ne ya ƙi min."

"Me ka ɓata kuma?"

"VPN ne. Na wani kwas da nake yi. Ya ƙi haɗuwa, kuma yau ƙarfe huɗu za su rufe."

"Kwas? Kai da karatu? Yaushe aka yi haka ban sani ba?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ni kuwa sakarya ban lura ba, sai ma daɗi da na ji. Na ce a raina, ka ga mai shirin zama magidanci, har ya fara neman ƙarin ilimi.

Bari in yi muku bayani a taƙaice don ku bi ni. VPN rufaffiyar hanya ce da kwamfutarka ke buɗewa daga inda kake zuwa cikin wani wuri mai nisa, ba mai ganin abin da ke wucewa ta ciki. Amma kafin ta fita daga ofishinmu sai ta wuce masu gadi uku, waɗanda muke kira fayawol. Na farko yana cikin laftof ɗin kansa. Na biyu na ofishinmu ne, ni ke riƙe da makullinsa. Na uku na benen ne gaba ɗaya, yana can ƙasa a hannun wani tsohon injiniya da kowa ke kira Dattijo. Kowane mai gadi yana da ƙofofi masu lamba, wadda aka buɗe ita ake wucewa. Ni kuma ɗabi'ata a aiki, ba na tsallake. Daga na kusa nake farawa, in tabbatar ba shi ba ne, sannan in matsa gaba.

Na karɓi laftof ɗin. Ya sa wa hanyar suna "Kwas". Na danna, ɗan da'irar nan ta yi ta juyawa, ta juya, ta juya, sannan ta ce ba a samu amsa ba. Na duba agogon laftof ɗin, daidai yake. Na kashe mai gadin cikinsa na minti ɗaya na sake gwadawa. Shiru. Na mayar da shi na kunna.

"Ba daga wajenka ba ne," na ce. "Ka gwada da intanet ɗin wayarka?"

"Na gwada. Ba sa karɓa. Sai daga adireshin da na ba su tun farko, wanda ba ya canzawa. Na gida kullum canzawa yake, shi ne na ba su na ofis."

"Ka ba su adireshin ofis ba ka gaya min ba? Lallai ka samu wuri."

Na ɗauki laftof ɗin na nufi ɗakin na'urori, ya biyo ni. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, sanyin cikinsa har ƙashi. Wayoyi shuɗɗa da rawaya, kowacce da ɗan tef ɗin da na rubuta mata suna da hannuna. Kujerar roba ɗaya ce mai tsagaggiyar ƙafa, na zauna a kanta, shi ya jingina da ƙofa.

Mai gadin ofishinmu yana da rajista. Duk abin da ya nemi fita aka hana shi, sai ya rubuta: daga wace kwamfuta, zuwa ina, ƙarfe nawa. Dubbai yake rubutawa a rana, ba mai karantawa sai an kawo ƙorafi. Na tace, na ce ya nuna min na laftof ɗin Dogo kawai.

Ga su nan. Ƙofa ta ɗari biyar, an hana. Ƙofa ta ɗari biyar, an hana. Ban yi mamaki ba, ni na rufe komai tun da na fara aiki, ban bar ko ɗaya ba sai na shafukan intanet da na wasiƙu. Na ja ƙasa don in ga inda abin ya faro. Na ɗauka na yau ne da jiya. Na ja, na ja, bai ƙare ba. Makon jiya. Wancan makon. Sau ɗari biyu da goma sha huɗu mutumin nan ya gwada shi kaɗai, teburinsa taku bakwai daga nawa, bai taɓa cewa Injiniya zo ki gani ba.

Layin farko ya tsaya a ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Na daɗe ina kallon ranar. Alhamis ɗin nan ce dai. Minti hamsin kafin ya cire takalmi a ƙofar falonmu.

Ita rajista ba ruwanta da sunan da ka laƙaba wa abu, lambar wurin take rubutawa. Na kwafi lambar na bincika ta wa ce. Sai ga sunan wani kamfanin gine-gine a wata ƙasa da sai ka yi awa bakwai a jirgi, kuma a gaban sunan an rubuta: mashigar ma'aikata.

'Yan uwa, nan take na gane. Ban juyo ba na ce, "Dogo, wane irin kwas ne ake shiga ta mashigar ma'aikata?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Tambayarka nake."

"Aiki ne," ya ce a hankali. "Sun ɗauke ni. Takardar yarjejeniya tana ciki, sai na shiga na sa hannu kafin huɗu. Idan ban sa ba, na bayana za su ba."

"Yaushe suka ɗauke ka?"

"An ɗan kwana biyu."

"Goma sha tara. Ga shi nan a rubuce, kada ka wahalar da kanka."

"Na so komai ya tabbata tukuna sannan in gaya miki."

"Shi ya sa ka je ka zauna a gaban Abba?"

"Wallahi ina nufin abin da na gaya masa. Kawai dai... abubuwa biyun sun zo min tare. Kullum na tashi zan gaya miki sai in kalli fuskarki in kasa."

"Amma yau ka iya, tunda ƙarfe huɗu ta matso."

Ya cire fensirin kunnensa yana juya shi a hannu kamar yaron da aka kama da sukari a baki. Na so in yi ihu, na so in jefa masa laftof ɗin. Amma ni idan raina ya ɓaci hannuna aiki yake nema. Na juya, na buɗe wa laftof ɗinsa ƙofofi biyu da irin wannan hanyar ke bi, ta ɗari biyar da ta dubu huɗu da ɗari biyar, zuwa wannan lambar kaɗai. Na danna.

Wannan karon an ɗan motsa. Gaisuwar farko ta fita ta ƙofar ɗari biyar, can suka amsa, amsar ta dawo. Daga nan sai zancen ya koma ƙofa ta biyu, nan ya mutu. Na ga saƙon yana barin mai gadina lafiya lau, amma ko ɗaya ba ya dawowa. Na gwada sau uku don kada in ɗora wa wani laifi a banza.

"Nawa ya wuce," na ce. "Yanzu a ƙasa yake maƙalewa. Dattijo ya bar ta ɗari biyar a buɗe, ya rufe ɗayar."

"To in sauka in same shi?"

"Ko kallonka ba zai yi ba. Sa hannuna kawai yake karɓa."

Ya duba agogo. Uku saura minti goma. Ya ɗago ya kalle ni, ya buɗe baki, ya rufe. Aƙalla dai ya ji kunyar roƙona.

Na ɗauki fom ɗin neman buɗe ƙofa na fita. Ban bi lif ba, na bi matakala. Tsakanin hawa na biyu da na ɗaya na zauna a kan siminti da rigata. Wayata ta yi ƙara. Saƙon murya daga Umma: "Ke, kin tambaye shi kuwa? Na ga wasu kofuna masu bakin zinare, dozin ɗaya zai isa ko in ɗauko biyu?" A bayanta ina jin hayaniyar kanti da muryar mai kaya yana cewa Hajiya ɗauki biyun. Na saurara sau biyu, na kifa wayar a cinya.

Zan gaya muku gaskiya ko da za ku zage ni. Na so in bar ƙofar nan a rufe. Wallahi na so, har cikin raina. Awa ɗaya ce kawai. In zauna a nan, in koma sama ƙarfe huɗu da minti biyar in ce Dattijo ya ƙi. Wa zai musa? Duk benen nan an san shi, ko kwan fitila ka nema sai ya ce gobe. Aikin ya wuce, Dogo ya yi baƙin cikin sati biyu, ni in rarrashe shi, Asabar iyayensa su zo, Umma ta fito da kofunanta. Ba wanda zai taɓa sani, domin abin da ke rajistar nan ni kaɗai nake karanta shi.

Na kai minti ashirin a wurin. Daga baya na tashi, ban ma san me na yanke ba, ƙafafuna dai suka kai ni ƙasa.

Ofishin Dattijo yana bayan ɗakin mitoci. Yana zaune da filas ɗin shayinsa, tabaraunsa ɗaure da siririyar waya a gefe ɗaya, fayiloli jere a bayansa tun na kamfanonin da suka tashi shekara goma da suka wuce.

"A'a, 'yata ta hawa na uku. Me ya ƙone?"

"Ba abin da ya ƙone, Baba. Ƙofa nake so ka buɗe min. Dubu huɗu da ɗari biyar, mai fita, zuwa wannan lambar kawai."

Ya karɓi lambar, ya matso da hancinsa jikin allo, yana danna maɓallai da yatsa ɗaya. "Ga su nan kuwa. Suna zuwa suna faɗuwa. Kin duba naki?"

"Na duba."

"Na laftof ɗin fa?"

"Shi na fara dubawa."

"Madalla. Ke kaɗai ce ba kya sauko min da laifin da yake naki." Ya kalli agogon bango, ya kurɓi shayi. "To amma 'yata, uku da kwata ta wuce. Kin san ba na son taɓa na'ura da yamma, in wani abu ya lalace kowa ya tashi a kaina. Ki bari gobe da safe mana."

Jama'a, kun ji fa. Ko ƙaryar ma ba sai na yi ba. Ga ta an miƙo min ita a hannu, gaskiya tsagwaronta. In ce to Baba, in juya, shi ke nan.

Na tsaya riƙe da fom ɗin. Sai na hango kaina bayan shekara biyar, ina zuba masa shayi da safe, yana cewa da na samu aikin nan da yanzu kaza da kaza, ni kuma ina cewa haka Allah ya so. Kullum. Mutumin da ya zauna da ni don hanya ta ƙi, ni kuma na san wadda ta hana ta. Na ji ba zan iya haɗiye wannan ba har ƙarshen rayuwata.

"Yau nake so, Baba. Don Allah."

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Yau ɗin dole?"

"Dole."

"To cike."

Na cike lambar, na cike ƙofar, na sa hannu. Wani ɗigo ya faɗa a kan ranar wata, tawadar ta baje. Dattijo ya kalli takardar, ya kalle ni, ya zaro hankici daga aljihu ya danna a wurin a hankali.

"Sanyin ɗakin nan naku na sama ba ƙaramin mura yake sawa ba," ya ce. "Ki riƙa sa rigar sanyi."

Bai ƙara tambayata komai ba, Allah ya saka masa. Da yatsansa ɗaya ya rubuta dokar buɗe ƙofar, ya karanta ta a fili sau biyu kamar yadda ya saba, ya danna. "Je ki gwada."

Na tarar da Dogo inda na bar shi, sai dai yanzu ya zauna a kujerar robar. Huɗu saura minti ashirin da biyar. Na miƙa hannu ta gefen kafaɗarsa na danna. Da'irar ta juya sau ɗaya, sau biyu, ta koma kore.

"Ya haɗu!" Ya miƙe zumbur har kujerar ta faɗi. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya, irin hasken da ban gani ba ko ranar da ya fito daga wajen Abba. Sai ya tuna ina wurin, ya yi saurin gyara fuska. Amma na riga na gani.

Takardar ta buɗe da kanta. Ban yi niyyar karantawa ba, amma idon da ya saba bin layi ba ya tambayar izini. Shekara uku. Tafiya ranar tara ga wata mai kamawa. Masauki: ɗakin mutum ɗaya a gidan ma'aikata, ba a zuwa da iyali. A ƙasa akwai wurin da aka ce ya tabbatar ya karanta wannan sharaɗin tun ranar da ya nemi aikin, da alamar da ya sa da hannunsa.

"Zan riƙa zuwa hutu," ya ce, bai kalle ni ba. "Shekara uku ba wani abu ba ne, Injiniya. Kamar yau ne."

"Asabar fa?"

"Mu ɗan ɗaga. Har in je in ga yadda wurin yake."

"Iyayenka sun san da Asabar ɗin ma kuwa?"

Ya kau da kai, ya mayar da idonsa kan allon. Wannan kau da kan ya fi duk abin da na gani a rajista ciwo.

Ya ja ƙasa, ya rubuta cikakken sunansa a akwatin, ya danna. Huɗu saura minti takwas. Allon ya ce barka da zuwa.

A daidai lokacin wayata ta ɗauki ƙara a aljihu. Abba. Abba da bai taɓa kirana a wurin aiki ba tunda na fara, ko saƙo sai dai ya ba Umma. Na ɗauka.

"Uwata, kina aiki ko? Ba zan riƙe ki ba." Muryarsa a sake, har da 'yar dariya. "Zan kira baffanninki ne yanzu, su shirya tun da wuri, kin san na nesa sai ya nemi izini a wurin aiki. Yaron yana kusa? Tambaye shi ƙarfe nawa za su iso."

Ɗakin ƙarami ne, ba abin da Dogo bai ji ba. Na cire wayar daga kunnena na miƙa masa. Na riƙe ta a gabansa, sunan Abba yana haske a kan allon. Ya kalle ta. Ya ɗaga hannuwa biyu ya ja baya har ya bugi ƙofa, ya girgiza kai, ya ce da raɗa, "Ki ce masa ina mitin."

"Uwata? Kina ji na?"

Na mayar da wayar kunnena.

"Ina ji, Abba," na ce. "Kada ka kira kowa."